Likitan da Ya Ƙi Goge Sunan Iya Tabawa

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, bawan Allah ne da ake ce wa Dakta Ɗantani. Sunan garin ba shi ne abin nema ba. Ku dai matso ku saurara, domin ni duk sa'ad da na ɗauko labarin nan sai raina ya ɓaci.

Likita ne, amma aikinsa bincike. Abin da ya dame shi kuwa, tsofaffin matan da ake kawowa asibiti a karye. Mace ba mota ta buge ta ba, ba daga soro ta faɗo ba. Ta sunkuya ne ta ɗauki buta, ko santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, shi ke nan ƙugu ya tafi. Ka tambayi 'ya'yanta su ce maka, "Ai tsufa ne." Shi kuwa ya san cuta ce. Idan mace ta daina al'ada, ƙashinta kan fara zaizayewa daga ciki, yana yin ramuka ramuka kamar azarar da gara ta ci. Daga waje lafiya lau, ciki fanko. Babu zazzaɓi, babu alama, sai ranar da ya karye.

Yana da maigida a wurin aiki, Farfesa Rabo. Shi ya koyar da shi, shi ya ɗauke shi aiki, shi ya yi masa walicci ranar aurensa. Farfesan nan ya yi shekara ashirin yana harhaɗa wani maganin ruwa, ya ce yana ƙarfafa ƙashin tsofaffi. Har an sa wa maganin sunansa. Abin da ya rage a gwada shi a kan mutane, sai ya ba wa Ɗantani amanar gwajin.

Ɗantani ya shiga unguwanni da ƙauyuka, gida gida, yana roƙon mata su yarda. Mata ɗari huɗu suka yarda. Rabi aka ba su maganin, rabi ba a ba su ba, don a ga bambanci. Duk wata shida a kawo su a sa su a na'ura a auna ƙarfin ƙashinsu. Cikinsu akwai wata dattijuwa mai sayar da daddawa, Iya Tabawa. Ita ce ta fara yarda a unguwarsu, ita ta jawo sauran. Ta ce musu, "Yaron nan idonsa ba na mayaudara ba ne. Ni dai zan sha."

Shekara uku ana abu ɗaya. Ranar da Ɗantani ya zauna ya haɗa sakamakon, sai ya ga abin da bai zata ba. Maganin bai ƙara wa ƙashin kowa komai ba. Da ma a nan abin ya tsaya. Ashe yana kashe zafin ciwo, sai tsohuwa ta ji bayanta ya daina ciwo, ta ɗauka ta warke, ta koma daka da ɗaukar tulu a ka. Mata goma sha ɗaya cikin masu shan maganin sun karye, a ɗaya rukunin kuwa uku. Iya Tabawa tana cikin sha ɗayan. Buhun kalwa ta ɗaga, ƙugunta ya karye, tun daga ranar ba ta sake taka ƙasa ba.

Ya kwashi takardun ya kai wa Farfesa. Farfesa ya duba, ya sake dubawa, ya cire tabarau ya ajiye.

Ya ce, "Ɗantani, waɗannan sha ɗayan ba su sha maganin yadda aka ce ba. Cire su."

Ɗantani ya ce, "Ranka ya daɗe, sun sha. Ni nake zuwa ina duba kwalaben."

"Ka san tsofaffin ƙauye. Su ce sun sha alhali sun zubar. Cire sunayensu, sauran lissafin zai daidaita."

"In na cire su, za a ba dubban mata abin da zai karya su."

Farfesa ya dube shi ya ce, "Ni na yi ka. Shekara ashirin na ba abin nan. Saboda tsofaffi sha ɗaya, waɗanda ko ba magani gobe za su faɗi, za ka tozarta ni?"

Kun ji fa, jama'a. Waɗanda ko ba magani gobe za su faɗi. Mai ilimi ke nan, wanda ake tashi tsaye idan ya shigo. Uwar wani yake magana a kai kamar tsohuwar tukunya. To ina amfanin karatun?

Ɗantani ya ji zuciyarsa na tafasa. Maganganu sun zo masa baki, munana, kuma duk gaskiya ne. Ya haɗiye su, domin mutumin nan ya yi masa alheri, kuma alheri ba ya goguwa don mai shi ya ɓata daga baya. Abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, duk abin da ka sa ni na yi maka. Wannan ba zan yi ba."

Bai tsaya nan ba. Ya rubuta sakamakon yadda yake, da sha ɗayan a ciki, ya miƙa wa hukumar asibitin. Kashegari da hantsi ya hau babur ɗinsa ya fara bin gidajen matan nan ɗari biyu. Ba wanda ya aike shi. Shi ya kai musu maganin da hannunsa, ya ga shi ya kamata ya je ya karɓe.

Da ya isa gidan Iya Tabawa, ya tarar da ita kwance a kan tabarma a inuwar rumfa, ta rame, bayanta duk gyambon kwanciya. Ya durƙusa ya gaishe ta.

Ya ce, "Iya, na zo in gaya miki gaskiya. Maganin da na ba ki ba ya gyara ƙashi. Ciwon kawai ya ɓoye miki, shi ya sa kika ɗaga buhun nan. Ban sani ba a lokacin. Yanzu na sani, shi ya sa na zo."

Babban ɗanta, Nalado, mahauci ne, yana tsaye a bakin zaure yana ji. Ya shigo ya shaƙi wuyan rigar Ɗantani ya ɗaga shi tsaye. Ya ce, "Wato gwaji kuka yi da uwata? Kuka kwantar da ita, sannan ka zo da bakinka kana faɗa mini?" Ya kwaɗa masa mari, hularsa ta faɗi cikin ƙasa.

Ɗantani bai ɗaga hannu ba. Ya san wanda ya cancanci marin yana ofis cikin sanyi, amma bai ambaci sunansa ba. Ya ce, "Kana da gaskiya ka yi fushi. Ni ma ina yi."

Tsohuwar ta ce, "Nalado, sake shi." Ta juyo da kanta da ƙyar ta ce, "Ɗan nan, ni na jawo Kande da Ladi da su Gwaggon Tudu. Ka je ka gaya musu su daina?"

"Daga nan can na nufa, Iya."

"To tashi ka tafi, kada ka tsaya ba ni haƙuri. Ladi gobe take sussuka."

Ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya tafi. Kwana goma sha tara yana wannan yawo. Wani gidan a zage shi, wani a rufe masa ƙofa, wani a ba shi ruwa.

Kuna jira ku ji an kira shi an yaba masa ko? Ba a yi ba. Hukumar ta zauna, kusan duk ɗaliban Farfesa ne. Suka ce Ɗantani ya fitar da sirrin bincike ba da izini ba, ya tayar da hankalin jama'a. Aka karɓe takardunsa, aka hana shi taɓa na'urar, aka tura shi wani ƙaramin asibiti a ƙauyen da ko wuta babu. Abokan aikinsa da suka san gaskiya, waɗanda suka ga lissafin da idonsu, ko ɗaya bai buɗe baki ba. Kowa ya sunkuyar da kai yana tsaron kujerarsa. Wallahi waɗannan sun fi ba ni haushi a kan Farfesan.

Sai dai takardar da ya miƙa ta riga ta shiga, ba ta goguwa. Da aka nemi izinin raba maganin a ƙasa, masu ba da izini suka ga sakamakon da Farfesa ya miƙa ya saɓa da na Ɗantani, suka sa wasu suka sake gwaji a wani wuri. Abin da Ɗantani ya gani shi suka gani. Aka janye maganin shiru, ba sanarwa. Ba wanda ya je ƙauye ya ce masa yi haƙuri. Iya Tabawa kuwa ta rasu a kan tabarmar nan kafin a kai ga haka.

Shi kuma Ɗantani can ƙauyen ya ƙare aikinsa. Ba na'ura, sai ya riƙa auna tsawon tsofaffi a jikin bango, wadda ya ga tana raguwa ko bayanta na rankwafawa ya rubuta mata takarda zuwa birni. Yana bin mata yana cewa su sha nono, su ci ƙananan kifi da ƙayarsu, su ci zogale da riɗi, su sha hantsi, su riƙa tattaki, a gyara musu santsin makewayi. Haka har Allah Ya karɓi abinsa.

To ku saurara. Gaskiya amana ce, kuma wanda ya riƙe ta ba lallai a biya shi a duniya ba. Wanda ya ɓoye ta don kunyar maigida, da wanda ya gani ya yi shiru, duk suna da kaso a cikin cutar da ta biyo baya. Kada ka ce kai ba likita ba ne. Kai magini, ka san rodin da aka ce ka rage. Kai mai shagon magani, ka san wanda ya lalace kake sayarwa. Kai ma'aikaci, ka san takardar da aka turo maka ka sa hannu. Duk akwai mutum a ƙarshen abin, mai ƙashi da jini, kuma zai tsaya gabanka ranar da ba maigidan da zai kare ka.

Sannan ku da kuke da tsofaffi a gida, yau in kun koma ku dube su da kyau. Uwarka tana gajarta a gabanka, bayanta na lanƙwasa, tana ɗaukar tulu kana zaune a dakali kana danna waya. Tashi ka karɓi tulun, ka kai ta a duba ta tun tana tafiya da ƙafarta. Allah Ya sa mu faɗi gaskiya ko da za a mare mu a kanta.