Haƙoran Inna Mai Kitso

Akwai wata mata da ake ce wa Manaja, don ita ke riƙe da reshen wani babban kamfanin sayar da kayan ɗaki. Mace ce mai kuzari, ga son a ga komai nata tsaf. Har a gida Manaja ƙannenta ke kiranta, domin in ta yanke magana babu mai ɗaga ta.

Mahaifiyarsu kuwa da kitso ta rene su. Inna Mai Kitso ta shafe shekaru tana yanke zare da haƙori, har na gaba ya gutsure, na kusa da shi ya karkace, sauran suka yi ja. Amma fa akwai dariya. In Inna ta ƙyalƙyale a tsakar gida, mai wucewa a titi sai ya murmusa bai san dalili ba.

Wata rana kamfani ya sanar cewa zai karrama Manaja a wata babbar liyafa, kuma ana son ta zo da mahaifiyarta su hau dandamali tare. Cikin murna ta nuna wa abokan aikinta hoton Inna a waya.

Wata mai kaifin baki ta leƙa ta ce, "Kai, Inna akwai fara'a! Sai dai haƙoran nan kamar dangar da awaki suka bi ta ciki."

Aka kwashe da dariya. Manaja ma ta yi, amma maganar ta tsaya mata a rai.

Washegari ta ɗauki Inna a mota sai asibitin haƙori. Ƙaramin wuri ne a saman wani shagon magani, likitar kuma dattijuwa ce mai sanyin magana. Ta daɗe tana duba bakin Inna, ta ɗauki hoto, ta tambaye ta ko tana da ciwon suga. Inna ta ce tana da shi.

Likitar ta juyo ta ce, "Haƙora biyu ne kawai ke buƙatar hula. Wato a ɗan fere haƙori, a kifa masa rufi mai kama da shi. Sauran lafiyarsu lau, wanki kawai suke so. Amma dasashinta ya kumbura. Sai mun yi maganinsa, sugan ya sauka, sannan mu taɓa komai. Zai ɗauki watanni."

Manaja ta ce, "Watanni? Liyafar saura 'yan makonni. Ni so nake a rufe su duka, su yi fari fat."

"Haƙorin da aka fere ba ya sake tsirowa, 'yata. Ba zan fere lafiyayyen haƙori don hoto ba."

Manaja ta suri jakarta. A matattakala ta ce wa Inna, "Tsufa ne ya kama ta. Ba ta san inda duniya ta kai ba."

Da ma ta riga ta ga wani a waya, wanda ake wa laƙabi da Dokta Nan-take. Shafinsa cike yake da hotunan baki kafin aiki da bayan aiki. Asibitinsa kamar otal: kujeru masu laushi, ƙamshi, ga 'yan mata masu murmushi a bakin ƙofa. Bai tambayi suga ba, bai ɗauki hoto ba. Ya leƙa bakin Inna kamar mai leƙa tukunya, ya ce, "Ƙaramin aiki ne. Sama da ƙasa duk za mu rufe. Kafin liyafa Hajiya ta koma budurwa."

Inna ta jawo hannun 'yarta ta ce a hankali, "Manaja, ni fa haƙoran nan ba sa yi min ciwo."

"Ni suke yi wa ciwo, Inna."

Tsohuwar ta dube ta, ta saki hannun. Ta hau kujerar ta buɗe baki.

Manaja na zaune a ɗakin jira tana amsa saƙonni, tana jin kukan injin yana tashi yana sauka. Da aka daɗe sai ta leƙa. Inna na kwance, hawaye na gangarowa cikin kunnuwanta, yatsunta sun damƙe hannun kujera. An fere haƙoran duka, sun koma 'yan tsiraru kamar ƙwayoyin shinkafa. Duk da haka Manaja ta ja ƙofar ta koma wajen wayarta.

Bayan 'yan kwanaki aka kifa huluna. Farare ne ƙal kamar tangaran, kuma sun fi ƙarfin bakin. Leɓen Inna ya daina haɗuwa. In ta yi magana sai iska ta riƙa fita da fito. Jikokinta suka yi ta dariya suna kwaikwayonta, har sai da Auta, ƙaramin ɗanta, ya daka musu tsawa.

Daga nan ciwo ya fara. Ruwan sanyi ya gagara, shayi mai zafi ya gagara. Inna ta koma jiƙa burodi tana tsotsa. Ta kira Manaja a waya ta ce, "Kamar ana buga min ƙusa a muƙamuƙi."

"Inna, sabon takalmi ma yana cizo. Ki daure mana. Wasu iyayen nema suke a yi musu irin wannan ba su samu ba."

Auta ya sami Manaja har ofis. "Yaya, fuskar Inna ta fara kumbura. A mayar da ita wajen likita."

"Bayan liyafa. Yanzu in an taɓa, ɓata aikin za a yi. Ka sayo mata maganin kashe zafi. Kai da ko allura ba ka saya ba, kai ne mai baki?"

Ranar liyafa ta zo. Mai kwalliya ta shafa wa Inna hoda mai kauri a kumatun hagu, aka ja mayafi ya rufe gefen. An cika tebur da nama da kayan marmari, Inna ko cokali ba ta ɗaga ba. Zufa ke karyo mata, jikinta na rawa a cikin sanyin na'ura.

Da aka kira su dandamali, Manaja ta riƙe kafaɗarta ta raɗa mata, "Ki yi murmushi, Inna. Don wannan aka yi duk wahalar."

Inna ta yage baki. Fitilu suka haska, aka yi tafi. Mai kaifin bakin nan har da cewa, "Lallai Inna ta fi mu kyau yau!" Zuciyar Manaja ta yi fari.

A hanyar sauka daga dandamali ƙafar Inna ta saki. Ta zube a gaban mutane, zazzaɓi ya rufe ta.

A babban asibiti aka ce ruɓa ce ta taru a ƙarƙashin hulunan, ta ci dasashi, ta shiga ƙashi, tana neman shiga jini. Suga kuma ya hana komai warkewa. Manaja ta kira Dokta Nan-take. Da ƙyar ya ɗauka, ya ce, "Hajiya, ke kika ce da sauri kike so. Abin da kika nema na ba ki." Ya kashe wayar, bai sake ɗauka ba.

Allah ya yi da sauran kwana. Da zazzaɓin ya sauka, Auta ne ya kai Inna wajen dattijuwar likitar nan ta saman shagon magani. Manaja ta bi su a baya, kanta a ƙasa. Likitar ba ta yi mata gori ba. Ta duba bakin Inna, sannan ta ce, "Zan ceci abin da zai cetu."

Kaɗan ne suka cetu. Aka riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya, ana jira rami ya warke kafin a taɓa na gaba. Kowane zuwa Inna na fitowa da auduga a baki da jini a gefen mayafi. A ƙarshe 'yan turame kaɗan suka rage mata can ciki. Aka yi mata haƙoran roba na sawa da cirewa, amma suna gurje mata dasashi, sai ta riƙa barin su a kofi.

Da aka gama, Inna ta ce a kai ta gidan Auta. Ɗaki biyu ne a bayan wani garejin gyaran mota, ga hayaniya, ga warin mai. Manaja ta ce ga ɗaki da na'urar sanyi a gidanta. Inna ta girgiza kai kawai.

A hankali jiki ya dawo. Matan unguwa suka gano akwai gwanar kitso, suka fara zuwa. Yanzu da almakashi take yanke zare.

Wata ranar hutu Manaja ta zo da ledoji niƙi-niƙi. Tun daga bakin gareji ta jiyo dariyar nan, irin wadda ta tashi tana ji tun tana yarinya. Ta tsaya a bayan labule ta leƙa. Inna na zaune a tabarma, kan wata mata a cinyarta, ta buɗe baki wangale tana dariya da dasashi zalla, matar Auta na riƙe da ciki, jikoki na birgima.

Manaja ta yi sallama ta shiga.

Nan take Inna ta ja gefen mayafi ta rufe bakinta. Ta amsa gaisuwa ta bayan mayafin, ta tambayi aiki, ta tambayi yara, ta sa albarka a kan ledojin. Ba ta sauke hannun ba.

Haka aka yi a zuwa na biyu, haka a na uku. Rannan Manaja ta kasa jurewa. Ta durƙusa a gaban tabarmar tana kuka. "Inna, ki zage ni. Ki mare ni ma. Don Allah ki yafe min."

"Na yafe miki tun ina gadon asibiti," in ji Inna ta bayan mayafi. "Uwa ba ta kwana da ɗanta a zuciya."

"To ki sauke hannunki. Kowa yana ganin dariyarki ban da ni."

Inna ta yi ƙoƙari. Manaja na gani hannun ya ɗan sauko, ya koma da kansa.

"Ba da gangan nake yi ba, 'yar nan," ta ce. "Da na ji muryarki, sai in ji kunya ta kama ni."

Manaja ta daɗe a durƙushe. Da ta ga matar da ake wa kitso ta fara gyara zama, sai ta miƙe ta yi sallama. Tana kaiwa bakin gareji ta ji hira ta sake ɓarkewa a bayanta. Ta shiga mota, ta kifa kai a kan sitiyari.

Darasi: Kada kunyar idon mutane ta sa ka taɓa abin da ba ya gyaruwa, ko haƙori ne ko zuciyar iyaye. In za ka zaɓi likita, zaɓi wanda ke tambaya, yake bincike, kuma yake iya ce maka a'a, ba wanda ke sayar maka da gaggawa ba. In mara lafiya ya ce yana jin ciwo, a saurare shi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani na shirin kai tsohuwarsa irin wannan kujera.