Gonar da ta Ƙaru da Taku Biyu

Tun rasuwar mijina Ɗanjuma, garinmu ba mai auna gona.

Wata rana, lokacin yana raye, Hakimi ya nuna masa kalkuleta. "Gonar marayu taku ɗari ce, a raba uku. Ga shi, 33.33333. Ka ba kowa daidai har lambar ƙarshe, ko ka bar aikin."

"Ranka ya daɗe, taka mana ita mu tabbatar."

Hakimi ya taka, ɗari. Ya dawo, ɗari da biyu.

Ɗanjuma ya ce, "Ikon Allah, gona ta ƙaru. Ƙafar da taku biyu suka ɓace mata, ita za ta nuna min lambar ƙarshe?"

Hakimi ya tura kalkuleta aljihu. "Auna da igiyarka."

Ku taya ni roƙon Allah Ya yalwata masa kabari, ba da awo ba.