Gurbin Yatsan Iya Tabawa

An ce wai a wani gari mai babbar kasuwa an yi wata tsohuwa, Iya Tabawa, wadda ta yi suna wajen yin sabulun salo. Tun tana amarya take dafa shi da ruwan toka da man kaɗe, har gashin kanta ya koma launin tokar. Tana da wata ɗabi'a: in ta cura sabulu sai ta danna babban yatsanta a tsakiya, don ta ji ko ya kama. Saboda haka kowane curi da ɗan gurbinsa yake fita. Ita kanta kunyar abin take ji, takan ce, "Hannun nan nawa ba ya jin magana."

Allah ya ba ta 'ya'ya biyu, Mantau da ƙanwarsa Lantana. Dukansu masu hankali ne, masu son uwarsu, sai dai kowa da taurin kansa, kada kuma ka tambaye ni inda suka gado shi. Da sana'ar ta bunƙasa har fatake suna zuwa sari daga nesa, sai suka ce lokaci ya yi da za a riƙa naɗe sabulun cikin takarda mai tambari, kamar kayan kanti. Suka sa maƙeri ya ƙera musu ƙarfen da ake danna sabulu a ciki ya fito sumul, ba gurbi ba tabo. A nan kaɗai bakinsu ya zo ɗaya.

Suka tafi wurin mai zane, ya baje musu tambura iri-iri. Ga na suna zalla, ga na harafin farkon suna, ga mai hoton zakara ko giwa, ga wani zane da bai yi kama da komai ba sai kyau. Har ya ce ana iya sa fuskar mai sana'ar. Da labari ya kai wa Iya, ta dafe ƙirji ta ce, "Fuskata? A takardar da za a yage a jefa a kwata? Ku rufa mini asiri!"

Mantau ya zaɓi sunan uwarsu da manyan baƙaƙe, ya ce suna shi ne mutum. Lantana ta zaɓi wani zobe kore mai sheƙi, ta ce, "Yaya, yawancin masu sayenmu ba karanta takarda suke yi ba, ido ke yin ciniki." Wasa-wasa magana ta yi tsami, gaisuwar safe ta koma ɗaga kai. Ran nan Mantau ya ce to a raba tukwanen dahuwa, kowa ya yi nasa da tambarinsa.

Wannan kalma ta soki zuciyar Iya. Ta yafa mayafi ta nufi wurin Sarkin Kasuwa Nomau, dattijo mai sanyin magana, wanda ya fi yawan saurare a kan faɗa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ba takarda ce ta dame ni ba. Tsoro nake ji in rufe ido yaran nan ba sa ga-maciji. In ka zaɓi na Mantau na rasa Lantana, in ka zaɓi nata na rasa shi."

Sarkin Kasuwa ya sa aka kira su, ya duba tamburan nan biyu, ya yaba kowanne. Sa'an nan ya ce, "Ni tsoho ne, idona bai san kyan zane ba, amma na san kasuwa. Ranar kasuwa kowa ya naɗe sabon sabulun nan mai sumul a takardarsa, a jera su a rumfar Iya. Ku biyu ku zauna a baya, ku kama bakinku. Wanda kasuwa ta zaɓa, shi na zaɓa."

Ranar kasuwa aka yi yadda ya ce. Wani magidanci ya zo, ya ɗauki mai sunan, Mantau ya gyara zama yana murmushi. Mutumin ya yage takardar, ya juya sabulun, ya ajiye. Ya ɗauki mai zoben, Lantana ta harari yayanta. Shi ma ya yage, ya juya, ya ajiye. Ya dubi Iya ya ce, "Baba, ina mai yatsa? Mai ɗakina ta ce in ban ga gurbin yatsa ba, kada in kawo mata."

Iya ta ce, "Ai shi ne wannan, ɗana, ni na dafa shi."

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Baba, ba na musu da babba, amma wannan ba na Iya Tabawa ba ne."

Sarkin Kasuwa, da ke zaune a gefen rumfar, ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Haka aka wuni: mai saye ya zo, ya yage, ya juya, ya tambayi mai yatsa. Kafin la'asar gaban rumfar ya cika da yagaggun takardu, na Mantau da na Lantana sun cakuɗe, ba mai iya raba su. Can wata 'yar sari ta juya za ta tafi, Iya ta kasa daurewa, ta ɗauki curi ta danna masa yatsa ta miƙa mata. Matar ta washe baki ta ce, "Yawwa! Ashe ɓoye shi kuka yi."

Da kasuwa ta watse, Sarkin Kasuwa ya ce, "Mantau, Lantana, kun ji da kunnenku. Kun tafi neman tambari wurin mai zane, alhali yana hannun da ya goye ku. Abu ɗaya kuka yarda da shi ku biyu, wato shafe gurbin nan, kuma shi kaɗai ne kuskurenku; saura kaɗan garin gyaran gira ku rasa ido. Ga hukuncina: a zana yatsan Iya a tsakiya. Lantana, zobenki ya kewaye shi, don ido ya hango daga nesa. Mantau, sunan Iya da ka zaɓa ya zauna a ƙasa, don mai karatu ya san mai shi. Wanda ya ce zai ware, sai ya faɗa mini yadda za a raba yatsan uwarsa biyu."

Lantana ta share hawaye ta ce, "Yaya, ka yafe mini." Mantau ya ce, "Ni ne babba, ni ya kamata in fara." Iya kuwa sai kallon yatsanta take yi, tana cewa, "Oh ni Tabawa! Shekara da shekaru ina yi maka faɗa, ashe kai ne mai gidan."

Aka mayar da ƙarfen wurin maƙeri, ya auna yatsan Iya a jikin yumɓu, ya fitar da gurbinsa daidai. Bayan shekaru Allah ya karɓi ranta, tukwanen kuwa suna nan a tsakar gida ɗaya. An ce duk safiya in an fitar da curin farko, Lantana takan sa yatsanta a gurbin, sa'an nan ta miƙa wa yayanta shi ma ya sa nasa.

Shi ya sa masu hikima suka ce, mai neman tambari ya fara kasa kunne a kasuwa: abin da mutane ke kiran kayanka da shi ba ka nan, shi ne tambarinka.