Dalilin da Ya Sa Bakwai Ba Ta Rabuwa

In kuna son sanin dalilin da ya sa idan malam ya ba ku lamba ku farfasa, sai ku ga shida ta watse ta koma biyu sau uku, amma bakwai ta kafe kamar turke, to ku matso ku ji. A da ba lambar da ke da taurin kai, kowace rabuwa take.

Wata shekara rijiyar wani gari ta ja baya, ruwan da ya rage bai fi na tsofaffi ba. Dagaci ya ce tsofaffi su zauna, sauran jama'a a rarraba su ƙauyuka. Ya sa Barmo mai rabo ya rantse cewa kashi zai zama daidai wa daida, ba a tura kowa shi kaɗai, kuma duk gidan da ya ƙi rabuwa a haka a bar shi a haɗe.

Barmo kuwa akwai son aiki. Gidan mutum goma sha biyu ya tsaga shida-shida, bai tsaya ba ya sake tsaga kowace shida uku-uku. Da uku ta gagare shi saboda rantsuwarsa, sai ya wuce gaba. Haka ya bi gari ana ta kuka, har ya zo ƙofar Iya Tasalla, tsohuwa mai riƙon jikoki marayu shida.

Tun safe Iya Tasalla take kallon aikinsa, ta kuwa san shida ba ta da ƙashi. Barmo ya jera yaran ya ce uku gabas, uku yamma. Sai ta ɗaure ɗankwali, ta ɗauki sandarta ta shiga layi.

Ta ce, "Ɗan nan, sake ƙirgawa, ka sa da ni."

Ya tuna mata cewa ba a ƙirga tsofaffi, ga ɗakinta ga rabonta na ruwa, tafiyar kuma ta kwana huɗu ce a ƙasa. Ta ce ta yafe ɗakin da ruwan, ƙafa kuma tata ce. Ya ƙirga, bakwai. Ya ware biyu-biyu, ɗaya ya rage. Ya gwada uku-uku, ga ɗaya tsaye. Ya koma huɗu, biyar, shida, har gumi ya jiƙa masa riga, ita ko ba ta motsa ba.

Ya ce, "Iya, hanyar nan za ta iya cinye ki."

Ta ce, "In ta cinye ni, a gabansu za ta yi. Ni dai ba na raba abin da 'yata ta bar mini."

Rantsuwa ta ɗaure Barmo, ya sallame su a haɗe. Iya Tasalla ta isa ƙauyen da aka tura su da kumburarrun ƙafafu, ba ta ƙara ganin garinsu ba, amma a kwano ɗaya jikokinta suka ci gaba da sa hannu.

Shi ya sa har yau, kowace lamba kuka farfasa, sai kun iso kan irin su biyu, uku, biyar da bakwai ku tsaya. In kun gwada raba bakwai biyu ko uku kuka ga ɗaya ya rage, kada ku yi ta goge allo. Tsohuwar ce, ba za ta fita daga layi ba.