Kebul ɗin da ya mutu a cibiyar Hajiya Delu

Ku matso ku raba mini wannan gardama, don ni kam kaina ya ɗaure.

Hajiya Delu ke da cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, ita kaɗai tal a garinsu. Ranar da masu duba za su zo sabunta lasisi, kwamfutoci suka daina ganin uwarsu, wato babbar da ke ɗakin baya. In aka iske su haka za a rufe wurin, ɗaliban gari su koma bin mota zuwa birni. Hajiya ta leƙa inda kebul ɗin suke haɗuwa, ta ga duk shuɗaye ne, ga mai fenti ya shafe lambobin bango kaf. Ta dafe kai. "Ni Delu, wanne ne wanne?" Nan take ta rantse: wanda ya gyara, shi za ta ɗauka aikin kula da wurin. Gurbin kuwa ɗaya ne.

Wani mai gyara, Lawandi, ya zo da testa, na'urar gwajin kebul. To, rabi ce fa! Da shi da Mamuda shagonsu ɗaya a da. Da suka ɓata suka raba kaya kamar gado, har testar ba su bari ba. Lawandi ya ɗauki babban ɓangaren mai batir, wanda in babu shi ko fitila ɗaya ba ta kamawa.

Mamuda ya ji labari, ya zo da ƙaramin ɓangaren da ake sawa a ɗaya bakin kebul, alhali ya sha alwashin ba zai ƙara haɗa inuwa da Lawandi ba. Ko gaisawa ba su yi ba. Wannan yana zaure, wancan yana ɗakin baya, Hajiya ce 'yar aike.

"Hajiya, ce masa ya canja kebul."

"Ce masa na canja tun ɗazu!"

Baiwar Allah ta yi ta safa da marwa har ta manta saƙon wa ta ɗauko. Can dai suka faɗa kan wani kebul: fitilu takwas na bin juna, ta uku ta ƙi kamawa. Ga mai laifi. Amma filayar matse sabon kan kebul fa? Da ta ƙi rabuwa biyu, sayar da ita suka yi.

Saratu mai gyaran waya ce ta saye ta. Ta rufe shagonta ta zo, ta yanke tsohon kan, ta jera siraran wayoyin launi-launi, ta matse sabo. Fitilu suka kama tsaf. Da an bar ta ita kaɗai, sai ta wuni tana yanke masu lafiya.

Masu duba suka zo, suka gamsu, suka tafi. Hajiya ta juyo, ga mutum uku tsaye, kowa ya ƙanƙame abinsa. Nan ta gane duk wanda ta ɗauka, biyun za su fita da sauran kayan, kuma kebul zai sake mutuwa wata rana.

To, jama'a, rantsuwa dai ta riga ta fita. Wa Hajiya za ta ba aikin?