Surukan da Ke Ɗauke da Ƙasa

Dalilin da ya sa ƙasa takan yi shiru shekara da shekaru, sannan rana tsaka ta girgiza, ba fushi ba ne, yara. Ladabi ne ya ɗan yi yawa.

A da can, wasu ƙarti ne ke ɗauke da ƙasa a ka, kowa da ɓangarensa da gammonsa, kafaɗa da kafaɗa. In wuyan ɗaya ya gaji sai ya ce wa na kusa, "Zan gyara." Wancan ya ce, "Bismilla." Su muskuta tare a hankali, ko ruwan randa ba ya motsi a sama.

Cikinsu akwai wani saurayi Nomau, maƙwabcinsa kuwa dattijo ne, Jatau. Jatau na da 'ya, Tasalla, maginiyar tukwane, tana zaune a sama cikin mutane, tana zuro musu fura ta rijiya. Nomau ya sha furar, ya nemi mai damun, aka ba shi. Kowa ya yi murna. Ba wanda ya tuna da gammo.

Da wuyan Nomau ya gaji, ya buɗe baki ke nan sai ya tuna na gefensa surukinsa ne yanzu. Da wane ido zai dubi uban matarsa ya ce ya matsa? Ya haɗiye maganar. Jatau ma ya gaji, amma babba ba ya kukan gajiya gaban mijin 'yarsa. Sai gyaran murya.

Damina ta bi damina. Nomau ya san ɗakin Tasalla na sama daidai inda ɓangarensa ya haɗu da na Jatau, don haka ya ƙara cije haƙora. Ranar da gammon ya zame, gaba ɗaya ya zame. Rumbuna suka kife, ɗakin ya rushe, tukwane suka koma tsingaro. Tasalla ta tsira da zanen jikinta.

Ta kama igiyar guga ta sauka.

"Sannunku da aiki. Wa ya rusa mini ɗaki?"

Ta juya ga mahaifinta.

"Baba?"

"Tambayi yaron nan," in ji Jatau, yana kallon wani gefe.

"Maigida?"

Nomau ya ce cikin raɗa, "Wuyana ne. Ya daɗe."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Haba, Tasalla. Ga Baba fa a tsaye."

"Da can a kwance yake?"

Jatau ya ce, "Gaya masa ba laifi, ya riƙa faɗa miki, ke ki faɗa mini."

"Ni ba zan tare a rijiya ina kai saƙo tsakanin mutum biyu da kafaɗunsu ke gugar juna ba!"

Ta dube su, ta ga wuya duk ya kumbura, ta ga kuma ba wanda zai fara. Tausayi ya kama ta. Ta ce, "To, tunda baki ya gagara, ku bar mana alama, mu san inda kuka haɗu."

Wannan kam Nomau zai iya, don ba sai ya yi magana ba. Ya yi alkawari duk zamewa zai bar shaida a sama: tsaga a dutse, ko rafi ya karkace, ko gona ta yi tudu a gefe guda. Tasalla ta hau, ta ja ɗakinta nesa da tsagar, ta yi masa rufin ciyawa mara nauyi.

Shi ya sa har yau masana ƙasa ke yawo da na'urori suna bin tsagar nan, suna haƙa rami su ga ko gammon ya sha zamewa, don su gaya wa mutane inda gini ke bukatar ƙarfi. Tsagar da ta daɗe shiru ita suka fi zuba wa ido. Za su faɗa muku wurin, har su kimanta ƙarfin girgizar. Amma ku tambaye su wace rana, sai su ce ba su sani ba. Kada ku ga laifinsu. Nomau kaɗai ya sani, surukinsa kuwa yana nan a tsaye.