Alƙalamin da Ya Ƙi Rubutu

Akwai wani akawu da abokan aikinsa ke kira Aradu, saboda ba ya tambaya sai ya gama tsawa. Yana da alƙalami mai shan tawada wanda ya gada daga mahaifinsa. Baƙar tawada kaɗai yake ɗura masa, kuma kowa a gidan ya san doka: ba mai taɓa shi.

'Yarsa Auta ce ta gado kyan rubutunsa. Takan tsaya a bayan kujerarsa tana kallon yadda alƙalamin ke sulɓi a kan takarda, har uwarta ta ce, "Rufe bakin mana, kada ƙuda ya shiga."

Wata safiya ya zauna a teburin falo zai sa hannu a takardun ofis, alƙalami ya ƙi rubutu. Ya ja layi, ba komai sai ƙarzar takarda. Ya girgiza shi. Ya yarfa shi har kafaɗarsa ta amsa. Ya danna bakin da ƙarfi, takarda ta yage.

"Auta!"

Ta fito da kayan makaranta a jikinta, burodi a hannu.

"Wa ya taɓa min alƙalami?"

"Wallahi Baba, ban taɓa ba."

"To, aljanu ne ke nan? Ke da kullum idonki na kansa kamar mage ta ga kifi?"

Mari ne ya fara sauka, burodi ya yi gefe. Ya fizgo hannunta na dama ya danne a kan teburi, ya ɗauki rular ƙarfe ya shiga sara mata da gefenta. Uwar ta fito daga kicin a guje ta riƙe masa hannu.

"Baban Auta, ka ji tsoron Allah! Alƙalami ne fa!"

Ya ture ta, ta bugu da ƙofa. Saran rular na ƙarshe ne ya ba da wata ƙara, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Auta ko ihu ba ta yi ba. Durƙushewa ta yi tana kallon ɗan yatsanta manuni da ya karkace.

Uwar ta kai ta asibiti, aka ce karaya ce a gaɓa, aka ɗaure. Shi kuwa yana zaune yana huci, yana cewa, "Gobe ma ta ƙara."

Da suka dawo, matar ta ɗauko alƙalamin daga kan teburi. Ta kwance bakin alƙalamin, ta jefa shi cikin kofin gilashi mai ruwan ɗumi, yadda ta sha ganin surukinta yana yi kafin ya rasu. Ta ajiye kofin a gabansa.

"Zauna ka kalla. Yau dai ka jira wani abu a rayuwarka."

Da farko baƙi ne ya fito siriri kamar zare. Can sai ga wani abu mai kauri, ruwan shunayya, yana tasowa da maiƙo a saman ruwan.

Aradu ya san launin nan. Tawadar hatimi ce, kuma babu ita ko'ina sai a teburinsa na ofis. Jiya tawadarsa ta ƙare ana jiran sa hannunsa, ya ɗura daga kwalbar hatimi yana cewa tawada ai tawada ce. Ita ce ta kwana ta daskare, ta toshe hanyar.

"Wannan launin," in ji matar, "a jakar Auta ake samunsa?"

Ya kasa ɗaga kai.

Ta yi ta canza ruwan har ya fito tas. Ta shanya bakin, ta mayar, ta ɗura baƙar tawada. Alƙalami ya kama rubutu sumul kamar ba a yi komai ba.

Ya ɗauke shi ya nufi ɗakin Auta, ya durƙusa a bakin gadonta.

"Uwata, ungo. Daga yau naki ne."

Yarinyar ta ja da baya har ta manne da bango, ta ɓoye ɗaurarren hannun a bayanta.

"Baba, wallahi ban taɓa ba."

Yatsan ya warke a karkace. Kyan rubutun nan bai dawo ba.

Darasi: Kafin ka ɗaga hannu a kan na ƙasa da kai, fara tambayar kanka me ka ɗura jiya. Toshewar alƙalami ruwan ɗumi da ɗan haƙuri take so, amma abin da fushi ya karya ba ya jiƙuwa ya gyaru. Ku tura wa duk wani uba ko uwa da hannunsa ke riga tunaninsa.